Hunturun da Aka Haifi Aman

Alhamis, 7 ga Disamba, da hantsi

Namiji ne. Jiya da la'asar Nigar, matar ɗana Dilawar, ta sauka lafiya. Na zama kaka. Na rubuta haka sau uku a bayan littafin nan don in ga yadda abin yake a rubuce, kuma kowane karo sai in yi dariya ni kaɗai.

Ina garke ina ba awaki ciyawa na ji kukan. Na watsar da ciyawar na fito da gudu, na zame a ƙanƙarar bakin ƙofa na zauna daɓas. Shambi maƙwabcina yana kan rufin gidansa yana share dusar ƙanƙara. Ya ce, "Kurban, rufe bakin nan, kada haƙoranka huɗu su daskare!" Na ce biyar ne, in bai yarda ba ya sauko ya ƙirga. Ya sauko ɗin kuwa, amma bai ƙirga ba, rungume ni ya yi.

Matata Lal Begim ta miƙo mini shi a cikin fatar ɗan rago. Bai kai nauyin gurasa biyu ba. Gashi baƙi cike da kai, kunnuwa manya irin na ubansa, sai haƙuri.

Dilawar, don kai nake rubuta wannan. Bana juyin kiwon hunturu ya faɗo gidanmu, kana can bayan mashigin dutse da shanun gari, ba ka saukowa sai ƙanƙara ta buɗe hanya, kuma ba mai kai maka labari. To zan ajiye maka komai a nan. Ka tuna dariyar da kuka yi mini lokacin da nake ɗaukar littafi zuwa ajin manya da yamma, ina ɗan shekara hamsin da biyar? Ga amfaninsa. Da fensir nake rubutu, biro daskarewa yake.

Lahadi, 10 ga Disamba, bayan azahar

Lal Begim ta shirya komai yadda uwarta ta yi mata. Mai jego ba ta ƙetare bakin ƙofa sai ta yi arba'in. An yi wa Nigar shimfiɗa a dakalin bayan murhu, an sa labule. Tagar rufi, wadda ita kaɗai ce tagar ɗakin, an toshe ta da bargon gashi don kada iska ta sauko wa yaro. An sa wuƙar yanka a ƙarƙashin matashinta saboda aljanun da ke bin masu jego. Ɗakin ya yi ɗumi sosai. Fitila a kunne tun safe.

Yau Nigar, wadda take kirana Tat, wato baba, Lal Begim kuma Nan, wato inna, ta ce mini, "Tat, yaushe hadarin nan zai wuce? Tun kafin in haihu rabona da ganin rana."

Lal Begim ta yi dariya. "Wane hadari, 'yar nan? Sama fes take tun shekaranjiya. Rana ta shige bayan dutse ne. Sai ƙarshen Janairu."

"Ƙarshen Janairu, Nan?"

"Wata biyu ne kawai. Ba a gaya miki ba?"

Ta ce an faɗa a wurin biki, amma ta ɗauka tsokanar amarya ce. Sai na tuna a watan Maris aka kawo ta, rana ta riga ta dawo, kuma a ƙauyensu na Dashtak, can ƙasan kwari, rana ba ta barin su ko kwana ɗaya. Mu nan Sarwin ba wanda ya zauna ya yi mata bayani. Wa ke bayanin abin da kowa ya tashi a cikinsa?

Ta ce, "To." Ta juya ta fuskanci bango.

Laraba, 13 ga Disamba, da yamma

An raɗa suna. Aman Shah. Halifa, wato limaminmu, ya yi addu'a, na yanka ragon nan mai karyayyen ƙaho. Na yi rawa, Dilawar, ni da kaina. Shambi ya ce kamar akuyar da aka ɗaure wa ƙafa uku. Mata sun cika ɗaki, an sha shayin gishiri har man shanu ya kusa ƙarewa. Nigar ta gaida kowa, ta gode wa kowa. Yarinya ce mai ladabi.

Asabar, 16 ga Disamba, da safe

Aman ya kama ɗan yatsana ya ƙi saki. Na tsaya a haka har shayina ya huce. Idan ya yi atishawa duk fuskarsa sai ta tattare kamar busasshiyar tuffa. Ban san mutum zai iya zama yana kallon abu ɗaya tun safe har azahar bai gaji ba.

Nigar tana barci da yawa. Lal Begim ta ce haka jego yake.

Talata, 19 ga Disamba, da yamma

Akushin Nigar ya dawo yadda aka kai shi. Jiya ma haka.

Lal Begim ta ce, "Ki ci mana, 'yar nan. In ba ki ci ba shi me zai sha?"

"Na ƙoshi, Nan."

"Da me kika ƙoshi? Da hayaƙin fitila?"

Idan yaro ya yi kuka ba ta juyowa. Lal Begim ce ke ɗaukarsa ta ɗora mata a ƙirji ta riƙe, yadda muke yi wa tunkiyar da ta ƙi ɗanta. Nigar ba ta hanawa. Ba ta kallonsa ne kawai. Lal Begim ta ce baki ne, ranar suna mata sun yaba shi da yawa. Ta ƙona ganyen turare ta zaga ɗakin da shi sau uku.

Aman lafiya lau. Ya ƙara nauyi.

Alhamis, 21 ga Disamba, da safe

Sanyi. Ruwan tulun zaure ya zama dutse. Aman lafiya.

Juma'a, 22 ga Disamba, bayan azahar

Ba abin da ya faru.

Lal Begim ta tafi ɗebo ruwa. Na shigo daga garke in ɗauki igiya, na ji Aman yana kuka, kukan ya daɗe, muryarsa har ta dishe. Na ɗaga labule. Nigar tana zaune, ba a kwance ba. Matashin yana ƙasa. Na ce, "'Yata, ara mini wuƙar nan, zan gyara wa akuya kofato." Ta dube ni kamar ta manta ko ni wane ne. Sannan ta miƙo mini, da ƙota ta miƙo, yadda aka koya mata a gida.

Na ɗauki Aman na zauna a bakin dakalin har Lal Begim ta dawo.

Ba abin da ya faru.

Asabar, 23 ga Disamba, da hantsi

Lal Begim ta gyara shimfiɗa ta ga babu wuƙa. "Tsoho, kai ne? Ka bar mai jego da jariri ba ƙarfe a kusa?" Na ce kofaton akuya. Ta ce akuya nawa gare mu da kofatonsu zai ci kwana biyu? Ta ɗauko wuƙar gurasa ta sa. Da ta fita na ɗauke. Ta dawo ta sa almakashi. Na ɗauke shi ma. Duk suna cikin buhun sha'ir a garke.

Ta ce tsufa ya fara taɓa mini kai. Na ce ƙila.

Yau ban je itace ba. Jiya ma ban je ba. Ba na barin ɗakin idan Lal Begim ta fita.

Lahadi, 24 ga Disamba, bayan azahar

Dilawar, daga nan ba naka ba ne. Zan saya maka wani littafin in rubuta maka nauyin yaro da ranar da ya yi murmushi.

Na san wannan kallon da ta yi mini. Ban taɓa ganinsa a fuskar wani ba, daga ciki na san shi. Tun ina ɗan shekara talatin da wani abu, duk lokacin da rana ta bar Sarwin wani abu yakan zo ya zauna mini a ƙirji. Ba ciwo ba ne. Gurasa sai ta zama kamar toka a baki. Safiya ta yi, in rasa dalilin sa takalmi. Mutane suna magana, ina jin su kamar daga bayan bango. A wajenmu ba shi da suna. In ka faɗa za a ce ragwanci ne, ko rashin godiyar Allah. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Wata shekara akuyata ta ɓace, na bi sawunta na ƙetare gadar kogi na hau gangaren da ke fuskantar gari. Can sama akwai wani tudu da muke kira Kafaɗa. Ina isa sai rana ta buge ni a fuska. Ashe a can tana leƙowa ta tsakanin duwatsu biyu, kamar sa'a ɗaya kafin azahar, duk tsawon hunturu. Makiyaya sun sani, amma wa zai yi hawan sa'a guda a kan ƙanƙara don ya zauna kawai? Akuyar tana kwance a wurin, idonta a lumshe. Na zauna kusa da ita.

Tun daga ranar, kullum nakan ɗauki igiya in ce na tafi itace. Bai warkar da ni ba. Amma yakan sa in kai gobe, goben ma ta kai ni jibi.

Saura kwana ashirin da biyu ta yi arba'in. Na ƙirga sau biyu. Yawa ne.

Talata, 26 ga Disamba, da yamma

Na ja Lal Begim garke na gaya mata ina so in fita da Nigar.

"Ka fita da ita ina? Kwana ashirin da haihuwa? Kurban, sai dai bayan raina. Ka san abin da ya sami 'yar maƙwabcinmu Nazar da ta fita ɗebo ruwa kafin arba'in."

"Sanyi ne ya kama ta."

"Haka maza suke cewa."

Mun daɗe a haka. Awaki suna kallonmu. A ƙarshe na zura hannu cikin buhun sha'ir na fito da abin da ke ciki na ajiye a gabanta, na gaya mata abin da na gani ranar Juma'a. Ba zan rubuta shi ba.

Ta zauna a kan kwamin ciyawa. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Ta ce, "Da hannuna na sa mata." Na ce ba laifinta ba ne, uwarta ma haka ta yi. Ta sake cewa, "Da hannuna."

Can ta ce, "Kafaɗa za ka kai ta?"

Na ɗago na dube ta, ta ci gaba.

"Shekara talatin kana tafiya itace kana dawowa da tsinke uku. Ka ɗauka makauniya ka aura? Na taɓa bin ka. Na hango ka zaune kamar ƙadangare, na juyo."

"Ba ki taɓa faɗa ba."

"Kai ka faɗa?"

Laraba, 27 ga Disamba, bayan azahar

Dabarar Lal Begim ce. Ta sa wa Nigar tsohuwar rigar fata ta Dilawar, da hularsa, da takalmansa an cusa musu ulu. Ta ce aljanu mai jego suke nema, ba namiji ba, maƙwabta ma haka. Ta ɗaura mata ƙaramar ƙararrawar akuya a ɗamara, ta ce ita ma ai ƙarfe ce. Ta tofa addu'a a bakin ƙofa.

Nigar ba ta tambayi inda za mu ba. Ta bi ni kawai. Hasken dusa ya sa ta rufe ido da hannu. Mun kai gada ta zauna ta ce ƙafafunta ba sa zuwa. Na tsaya tsakaninta da bakin gadar ina ba ta labarin akuyar da ta ɓace. Ban san ko ta ji ba. Muka koma.

Alhamis, 28 ga Disamba, da azahar

Ta ƙi tashi.

Juma'a, 29 ga Disamba, da la'asar

Mun kai. Mun huta sau tara a hanya. Muna isa saura kaɗan ranar ta wuce. Na zaunar da ita a kan dutsen da nake zama, na shimfiɗa mata buhu. Na ɗauka za ta ce wani abu. Ta cire hular kawai, ta ɗaga fuska. Daga can Sarwin yana ƙasa cikin inuwa, shuɗi-shuɗi, hayaƙi yana fita daga kowane rufi.

Na ba ta busasshiyar tuffa. Ta riƙe a hannu har muka sauko.

Da muka dawo ta sha rabin kofin shayi. Rabi. Lal Begim ta nuna mini kofin a ɓoye kamar wadda ta tsinci zinariya.

Litinin, 1 ga Janairu, bayan azahar

Kwana uku a jere mun hau. Jiya muna wucewa Shambi ya leƙo ta katanga. "A'a, Dilawar ya sauko? Lallai kiwon hunturu yana gajarta mutum." Na ce masa ya shiga harkarsa. Ya dubi fuskar da ke ƙarƙashin hular, ya dube ni, ya daina dariya.

Yau da safe na tarar an sassare matakai a ƙanƙarar gangaren, tun daga gada har wurin da ya fi santsi, an barbaɗa toka. Na ce wa Shambi wani ya yi aiki a hanyar Kafaɗa. Ya ce, "Wane mahaukaci ne zai hau Kafaɗa da hunturu?" Gatarinsa na jingine a ƙofa, ƙanƙara ba ta gama narkewa a bakinsa ba.

Alhamis, 4 ga Janairu, da la'asar

Yau ta yi magana. Muna zaune, ba ta dube ni ba, ta ce, "Tat, ni muguwa ce?"

Na ce wa ya gaya mata haka.

"In na kalle shi ba na jin komai. Kai in ka ɗauke shi fuskarka duk sai ta canza. Nan ma haka. Ni kamar an ba ni ajiyar ɗan wani. Da wata ce ta haife shi da ya fi masa."

Ta faɗi wasu maganganun bayan wannan. Nata ne, ba na littafi ba.

Ni ban iya magana mai daɗi ba. Na gaya mata nawa kawai, tokar gurasa, da takalmi, da bangon. Na gaya mata shekarar da aka haifi Dilawar ma da hunturu ne, kuma sai da ya yi wata uku kafin in ɗauke shi da son raina. Wannan ko Lal Begim ban taɓa gaya wa ba.

Ta juyo ta dube ni sosai. "Kai? Kai da ka yi rawa ranar suna?"

"Ni ɗin."

"Yana wucewa?"

Na so in ce mata ƙwarai. Na ce, "Yana sauƙi. Nawa yakan dawo kowace shekara. Amma yanzu na san fuskarsa, ba ya ruɗa ni kamar da."

Ta yi kuka har rana ta bar dutsen. Na bar ta ta yi. Majina ta daskare mata a hannun rigar Dilawar.

Asabar, 6 ga Janairu, da yamma

Gari ya sani. Ƙararrawar ce ta tona mu. A wurin ɗibar ruwa matar Nazar ta ce wa Lal Begim gidanmu ya zubar da al'ada, in wani abu ya sami yaron kada a nemi dalili. Mata biyu sun daina shigo mana. Shambi ya ce matarsa ta ba shi labarin amsar da Lal Begim ta bayar: "In aljani yana son surukata, ya hau Kafaɗa ya same ta. Mu gani in yana da gwiwa."

Amma da ta dawo gida ta ƙona turare sau biyu, kuma na ji tana duba numfashin yaron kowane lokaci. Tsoron bai bar ta ba. Da tsoron nata take ɗaura wa Nigar ɗamara kowace safiya.

Aman ya cika wata ɗaya. Yana bin fitila da ido.

Talata, 9 ga Janairu, da la'asar

Ranar Lahadi na roƙi Shambi ya sauka ƙauyen da ɗakin shan magani yake, tafiyar sa'a biyar, ya kira mana Gulshad ma'aikaciyar lafiya. Na ga hawa shi kaɗai ba zai isa ba. Ni tsoho ne mai akuya, abin da na sani kaɗan ne.

Yau suka iso. Tana shigowa ta tsaya tana lalube, ta ce wa Lal Begim, wadda take kira Mum, wato kaka: "Subhanallahi, Mum, a nan kuke zaune ko hatsi kuke ajiyewa?" Ta sa na hau rufi na cire bargon, muka kafa leda mai haske a tagar. Lal Begim ba ta hana ba. Na ga fuskar jikana da hasken Allah karo na farko. Ashe idonsa ba baƙi ba ne, ruwan ƙasa ne.

Ta kore mu garke ta zauna da Nigar fiye da sa'a. Da ta fito ta ce abin yana da suna, yana samun mata da yawa bayan haihuwa, duhu kuma yana ƙara masa ƙarfi. Ba baki ba ne, ba mugun hali ba ne. Ta bar ƙwayoyi a hannun Lal Begim, ɗaya kowace safiya, ta ce sai an yi makonni kafin a ga aikinsu. Ta ce kada a bar ta ita kaɗai, kuma kada a daina hawan. Za ta dawo bayan mako biyu.

A bakin ƙofa ta rage murya, ta kira ni Pup, wato kaka, ta ce, "Pup, kai fa? Nigar ta ce kai ma."

Na ce ni na saba.

"Sabo ba magani ba ne."

Na ce ta gaida mutanen ƙasa.

Alhamis, 11 ga Janairu, da azahar

Hadari ya rufe ko'ina. Mun hau, babu komai a Kafaɗa sai iska. Ta ce, "Wahalar banza." Ba ta ci abinci ba.

Juma'a, 12 ga Janairu, da azahar

Dusa. Ba hanya. Bango take kallo.

Asabar, 13 ga Janairu, da yamma

Dusa. Na ɗauka mun wuce nan. Na zauna a bakin dakali ina tsefe ulu, na ajiye wa Nigar wani a gefenta. Can wajen la'asar na ji tana tsefewa. Lal Begim ta yi ta ba da labarin yadda na je neman aurenta a kan jakin aro ya kayar da ni a gaban ubanta. Ƙarya ta fi yawa a ciki. Ba wanda ya yi dariya, amma an saurara.

Litinin, 15 ga Janairu, bayan azahar

Arba'in. An yi wankan, an canza shimfiɗa, an cire labule. Matan da suka daina zuwa sun zo, har matar Nazar, ta ɗauki Aman ta jujjuya shi tana neman abin da ya same shi, ba ta samu ba. Yanzu Nigar tana iya fita da kayanta na mata. Ta ce rigar Dilawar ta fi ɗumi, ita za ta ci gaba da sawa.

Sama ta washe, mun hau. A dawowa na zame a ƙasan matakai na faɗa cikin dusa har ƙugu. Ba komai.

Laraba, 17 ga Janairu, da hantsi

Ƙirji da tari, gwiwa ta kumbura. Lal Begim ta hana ni fita. Matar Shambi ce ta raka Nigar, Shambin yana gaba da gatari.

Alhamis, 18 ga Janairu

Ina kwance.

Juma'a, 19 ga Janairu

Zazzaɓin ya sauka. Ɗayan ya zo, baƙon nan nawa na kowane hunturu. Kwana huɗu ban ga rana ba, ya san hanya.

Asabar, 20 ga Janairu

An kawo mini Aman. Na ce a mayar da shi, kada ya ɗauki tari. Ba tarin ba ne.

Lahadi, 21 ga Janairu

Ba abin rubutawa.

Litinin, 22 ga Janairu, da la'asar

Da hantsi ina fuskantar bango na ji an jefa mini wani abu a ƙafa. Takalmana ne.

"Tat, tashi."

Na ce gwiwata.

"Ga sanda, Shambi ya sassaƙa. Nan ta ce tarin ya yi sauƙi. Tashi."

Na ce gobe.

"Ni ma goben na riƙa ce maka. Ka ji ni?"

Lal Begim tana bakin murhu da yaro a cinya, ta ce, "Kada ki lallashe shi, 'yar nan, ja shi za ki yi. Haka na yi shekara arba'in." Su biyu suka sa mini riga kamar ƙaramin yaro.

Ita ce a gaba. Ta san inda ake taka kowane mataki. In na tsaya sai ta tsaya ta ba ni baya, don kada in ji kunyar hakin da nake yi. Ba ta warke ba, kada in rubuta abin da ba haka ba. Idonta har yanzu a zurme yake, jiya da yamma ma Lal Begim ta ce ta yi kuka. Amma ta ci gurasa guda da safe, na ji tana taunawa.

Mun wuce gada, mun yi rabin gangaren, gwiwar ta ce iya nan. Na zauna a kan wani dutse cikin inuwa. Ina hango hasken a sama, a kan Kafaɗa, rawaya, bai fi jifa uku ba. Na ce ta hau ta bar ni, kada ya wuce ta. Ta ce a'a. Na ce ta hau mana. Ta ɗaga ƙafa za ta hau, sai ta tsaya cak ta dafe ƙirji da hannu biyu.

"Lafiya, 'yata?"

"Ya tashi."

"Wa?"

"Aman. Yunwa yake ji, nonona ya kawo."

Na saurara. Daga can ba a jin komai sai kogi a ƙarƙashin ƙanƙara. Na ce Lal Begim tana nan, za ta jijjiga shi har mu koma.

"Nan ba ta iya ba. Girgiza shi take kamar tana kaɗa nono, shi kuwa ba ya so. A kafaɗar hagu yake so, a riƙa shafa masa baya a hankali." Ta dubi sama inda ranar take, ta dubi gari. "Tat, za ka iya zama nan? Zan turo maka Shambi."

Ba ta jira amsata ba. Na zauna ina kallonta tana sauka, rigar Dilawar tana jan dusa, tana zamewa tana tashi, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. A gada ma ba ta tsaya ba. Ta ƙetare da gudu.

Shambi ya same ni a wurin. Ya ce, "Kurban, kuka kake ko sanyi ne?" Na ce sanyi ne. Ya ce shi ma haka ya gani, ya durƙusa ya ce in hau bayansa.